Audugar Goggo Dije a Ƙarƙashin Madubi

Tun da na dawo daga Ingila ban huta da tambaya ba. A masallaci a tare ni, a kasuwar Dutsin-Ma a tare ni, har wanzamina sai da ya ɗaga aska daga kaina ya ce in gaya masa tsakanina da Allah, wai da gaske ne ruwan sama a can daskarewa yake yi ya zubo kamar gari? Abokan aikina kuwa abin da ya dame su shi ne ko na ga Sarauniya. Ban gan ta ba, ita ma ba ta aiko a kira ni ba. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna in rubuta sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Amma ku sani tun yanzu, ban yi tafiyar nan da kwanciyar hankali ba, kuma dalilin yana Kurfi, a bayan ɗakin wata tsohuwa.

Tsohuwar ita ce Goggo Dije, yayar mahaifina. Ita ta riƙe ni tun da uwata ta rasu ina ƙarami, kuma ba ta da ɗa a raye sai ni. Sana'arta kaɗi, da shi take riƙe kanta, ba ta taɓa miƙa wa kowa hannu ba, har ni. A bayan ɗakinta, inda ruwan wanka ke kwarara, akwai wasu 'yan itatuwan auduga irin ta gida, wadda ba a shuka ta kowace shekara, tana nan tsaye damina da rani har ta fi mutum tsawo. Irin daga Barkiya ya zo, gidan kakata. Goggo ba ta kaɗa wata auduga sai ita, kuma masaƙan Rawayau har gida suke biyo zarenta.

Ni kuwa malamin gona ne. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba aka tsananta dokar nan ta cewa duk audugar gida a tuge ta a ƙone, domin tsutsa cikinta take fakewa da rani, ta jira sabuwar audugar da muke raba wa manoma iri. Na yarda da dokar. Na hau keke na je Kuki na yi wa mutane dogon bayani, har da ɗaga murya. Sai da na dawo ina shan ruwa na tuna da bayan ɗakin Goggo.

Na sami shugabanmu, Malam Abdu, na yi ta kewaye-kewaye. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Malam Lawal, in na bar ta goggonka, gobe duk tsohuwar da ke ƙasar nan goggon wani ce." Gaskiya ya faɗa. Can ya ce tun da ni aka zaɓa in je koyon aikin auduga a Ingila, in tafi da kaɗan daga cikinta. In masana suka ce tana da wani amfani da sabuwar ba ta da shi, zai nemi a bar ta a matsayin iri, mu riƙa sa mata ido. In ba su ce ba, da bazara ranar da ake ƙone karan auduga, har da ita. Ya ce iyakar abin da zai iya yi ke nan.

Da na je sallama Kurfi na gaya wa Goggo. Ba ta kiran sunana, domin sunan mahaifinta gare ni. Auduga kuma kaɗa take ce mata.

"Mai sunan Malam, yanzu kaɗar tawa ce za ta tahi ƙasar Turawa?"

"Ita ce, Goggo."

"Ni ko Katsina ban taɓa zuwa ba," in ji ta. "To, ka dawo jajibirin tahiyar ka amsa."

Na koma na tarar ta ɗinke ta cikin farin ƙyalle, ƙunshi kamar ɗan matashin kai. Ta ce kada in buɗe sai a gaban masu shi, wai ta san hannuna ba ya rabo da ƙasa. Ta haɗa mini da gwadon da aka saƙa da zarenta, ta ce an ce garin da sanyi.

Damina ba ta gama tafiya ba lokacin da na hau babbar mota zuwa Kano. Kafin mu kai Kankiya muka kafe a wani kwari, hadari kuma ya taso. Aka ce maza su sauka su tura. Akwatina na can sama an ɗaure, ƙunshin ne a hannuna, sai na cusa shi cikin riga na ɗaure da ɗankwalin wuyana, na shiga taɓo ina turawa da kafaɗa ɗaya. Wata mai sayar da man shanu da ke zaune a saman kaya ta leƙo ta dube ni, ta ce, "Malam, sannu. Wata nawa?" Motar duka ta kwashe da dariya. Na yi yaƙe kawai, don ni abin da nake ji shi ne ko ruwa ya ratsa. Bai ratsa ba, amma takalmina ɗaya yana can cikin kwarin har yau.

A filin jirgin sama na Kano na haɗu da abokin tafiya, Malam Haruna, malamin daji, mutum mai ƙiba da son dariya. Shi ma garin da za ni za shi. Jirgi na tashi ya kama hannuna ya fara salati da ƙarfi, da ya ga mun daidaita a sama kuma ya sake ni ya ce wai tausayina ya ji. Ban ga komai ta taga ba sai rairayi, daga baya sai gajimare. Da lokacin salla ya yi muka rasa gabas, muka yi a zaune muna fatan Allah ya karɓa.

A wurin binciken kaya na Landan na tuna da abin da ke cikin ƙunshin. Ni na san ba a shiga ƙasar mutane da iri, ai aikina ne. Ma'aikacin kwastan ya fara da Malam Haruna. Ya buɗe wani gwangwani, ya kai hanci, ya ja da baya har ya taka na bayansa. Daddawa ce. Ya tambaya wace dabba ce ta mutu a ciki, Malam Haruna ya ce itace ne, ya gutsura ya jefa baki don ya nuna masa. Mutumin ya rufe gwangwanin da sauri ya ce ya wuce.

Ni kuwa ya ɗaga ƙunshin ya matsa, ya ɗauko almakashi. Na ce masa goggona ta ce kada a buɗe. Kai, ku ji wauta! Ya dube ni kamar zai yi dariya, ya farke ɗinkin a hankali, ya yamutsa audugar da yatsu yana neman angurya. Bai sami ko ɗaya ba, Goggo ta tsince tas. Ya miƙo mini abina. A nan na fara ganinta. Fara ce sol, tana sheƙi, ga laushi kamar gashin jariri. Ya kamata in yi murna, amma sai na ji wani abu ya tsaya mini a rai. Ni na tashi cikin audugar nan, ban taɓa ganin ta yi kyau haka ba.

Daga Landan muka shiga jirgin ƙasa zuwa wani babban garin masaƙu a arewa. Gidaje a jere manne da juna, duk iri ɗaya, hayaƙi ya dafe su baƙi. Muna shiga ɗakin jirgin na yi sallama na fara gaishe da mutane ɗaya bayan ɗaya, wani dattijo ya ɗaga jarida ya rufe fuskarsa. Na ɗauka na yi wani laifi ne. Daga baya na gane haka suke, sai mutum ya zauna gwiwa da gwiwa da kai tun safe har azahar bai tambayi lafiyar gidanka ba, kuma ba fushi yake yi ba.

An sauke mu a gidan wata tsohuwa, Misis Alis. Ranar farko na zaci faɗa take yi da mu, don ko shayi za ta miƙo sai ta daka tsawa. Ashe kurumta ce. Tun tana budurwa take aiki a masaƙa, ƙarar injuna ta cinye mata kunne, sai dai ta dubi leɓenka ta gane abin da kake faɗi. Da na gaya mata a garinmu maza ke saƙa mata na kaɗi, ta yi dariya har da tari. Tana da kare mai kujerarsa a gaban murhu, kuma sunan mutum gare shi. Wannan kam har na baro ƙasar ban saba da shi ba.

Abinci kuwa, dankali ne dafaffe, da kabeji dafaffe, da nama dafaffe, duk ba wanda ya taɓa haɗuwa da barkono. Kullum sai na tsaya gabanta na buɗe baki sosai na ce ban da alade, ita kuma ta daka tsawa ta ce ta ji. Wata Lahadi Malam Haruna ya roƙi aron tukunya ya kaɗa mana miyar kuka da daddawarsa. Misis Alis ta sauko da gudu tana buɗe tagogi, ta ce bututun bayan gida ya fashe. Da ta ga mu biyu mun sa kwano a gaba muna lasar yatsu, sai ta tsaya ta riƙe ƙugu. Malam Haruna ya miƙa mata cokali. Ta ɗanɗana, ta ce ta ci abin da ya fi wannan muni lokacin yaƙi.

Makaranta ta ɗauke mu da karatun tsutsa da taki da yadda ake tantance auduga. Wadda zan kai wa ƙunshin, Dakta Magret, mai binciken zare, aka ce ta yi tafiya, sai ta dawo. Na yi ta jira. Ƙunshin na cikin akwati, kullum sai na buɗe na duba ko danshin garin ya kama shi. Sanyi ya shigo, rana ta koma fitowa a makare ta faɗi tun la'asar. Na kan zauna a aji malami na magana, ni kuwa ina lissafin cewa yanzu a gida an yi girbin gero, yanzu an fara tsinkar auduga, yanzu kasuwar auduga ta buɗe, bazara na matsowa. Malam Haruna ya ce in ban daina ramewa ba za a mayar da ni gida a cikin ambulan kamar wasiƙa.

Da ta dawo aka kai ajinmu ɗakin aikinta. Mace ce siririya mai furfura, ba ta da yawan fara'a, tana magana tana goge tabarau. Ta sa kowa ya leƙa madubin da ke girmama ƙananan abubuwa. Ta ce duk tsiron da muka sani, daga ciyawa har kuka, an gina shi ne da 'yan ɗakuna ƙanana da ido ba ya gani, kowane ɗaki da bangonsa, kuma bangon nan shi ke tsayar da kara, shi ne itacen da muke sarewa. Ta ce silin auduga ɗaya ɗaki ɗaya ne, wanda ya tsiro daga jikin angurya. Da fari tsawo kawai yake yi, bangonsa siriri. In ya gama tsawo sai ya fara yi wa kansa yaɓe daga ciki, kusan kowace rana shafi ɗaya, bango na kauri ɗaki na matsewa, har ƙwallon ya fashe, silin ya bushe ya murɗe. Murɗewar nan ce ke sa sili ya kama ɗan'uwansa a kan mazari. Ta nuna mana wanda aka yanka aka jiƙa da magani ya kumbura, sai ga shafin yaɓen zobe-zobe kamar albasa.

Na manta da damuwata na ɗan lokaci. Tun ina yaro nake riƙe wa Goggo auduga tana shiɓa, ban taɓa sanin gini nake riƙe da shi ba. Na tambaya wa ke yin yaɓen.

Ta ce, "Abin da nake nema ke nan tun kafin in yi furfura. Mun san kayan ginin, zaƙi ne da ganye ke haɗawa da hasken rana. Mun san ana ƙulla shi ya zama zaruruwa siraran da ko wannan madubin ba ya nunawa. Mun ga ana shimfiɗa su a karkace suna zagaya ɗakin, su yi ta bin dama, can sai su juya hagu. Amma me ke ƙullawa, a ina yake zaune, me ke gaya masa ya juya, ba mu sani ba. An zuba kayan haɗin a kwalba an jira, ba a sami zaren ba."

Raina ya ɗan ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ƙetare hamada da teku, na bar takalmi a hanyar Kankiya, don in ji "ba mu sani ba," abin da ko a Kurfi kyauta ake samunsa.

Da aka tashi na tsaya na miƙa mata ƙunshin, na ba ta labarin Goggo da dokar. Ta saurara ba ta katse ni ba. Tana taɓa audugar na ga ta ɗan ɗaure fuska. Ta yanka kaɗan ta sa a madubi, ta daɗe tana dubawa, sannan ta matsa ta ce in leƙa. Wanda ta nuna wa aji ɗazu kamar ƙwayar wake yake, cike, da ɗan tsagu a tsakiya. Na Goggo kuwa a lanƙwashe suke, a shafe, kamar busasshen ganyen albasa.

"Mista Lawal, wannan bangon bai yi rabi ba. In aka kaɗa ta tsinkewa za ta yi, ko rini ba za ta kama sosai ba. Yaushe aka tsinke ta?"

Na buɗe baki in ce da kaka, sai na tsaya. Ai ni kafin kaka na baro gida. Lokacin da Goggo ta ɗinke ƙunshin nan, ƙwallon auduga ko ɗaya bai fashe ba a duk ƙasar Katsina. Nan take na gane abin da ya faru, don na san Goggo. Tana da ragowar ta bara a tukunya cikin ɗaki, amma hayaƙi ya sa ta yi ja. A gidanmu ba a fito wa baƙo da tsohon abu. Ko ruwa ne sai an ɗauraye ƙwarya sau biyu. To balle Turawa, balle ƙasar waje. Sai ta tsinko ɗanyun ƙwallaye ta ɓare su da hannu, ta aiko da abin da ya fi kyan gani.

Na koma masauki ina lissafi. In na aika gida a aiko da wata, kafin takarda ta kai Kurfi, a sami mai karanta wa Goggo, a ɗauro, a kawo, an daɗe da ƙone kara. Na zauna gaban murhu na lulluɓa da gwado, abincin rana na gabana ban taɓa ba. Misis Alis ta tsaya a kaina ta daka tsawa ta ce wa ya mutu. Na ɗaga kai don ta ga leɓena, na gaya mata komai. Ta kama bakin gwadon ta murza, ta ja shi da hannu biyu, ta ɗaga shi wajen taga. Ta tambaya wa ya kaɗa wannan. Na ce Goggo ce. Da wace auduga? Na ce da wannan ta bayan ɗakinta.

"To, me kake zaune kana yi? Ai ga ta nan kana lulluɓe da ita!"

Kafin in ce wani abu ta zaro almakashi daga aljihun gabanta ta yanke gezar gefe ɗaya. Na ji zafin yankan har cikin raina, amma na yi mata godiya.

Washegari na kai wa Dakta Magret. Ta warware zaren ta yanka ta duba, wannan karon ta kira mataimakinta ya leƙa, sannan ni. Bangon ya yi kauri har ɗakin ya kusa rufewa. Ta ce ba kasafai take ganin mai kauri haka ba. Na ce to don Allah ta rubuta cewa ta fi sabuwar.

Ta cire tabarau ta ce, "Ba zan iya ba. A hannun mai kaɗi tana da kyau ƙwarai. Amma gajeriya ce, ga kaushi, injunanmu ba za su so ta ba. Zancen tsutsa kuma ka fi ni sani. Tana fakewa a ciki ko ba ta fakewa?"

Na ce tana fakewa.

Na ce to ta rubuta dalilin kaurin, ko irin ne ke da wani sirri da ya kamata a ajiye. Ta ce mai yiwuwa irin ne, mai yiwuwa ruwan wankan da take sha da rani ne, mai yiwuwa zafin garinmu ne. Wanda bai san yadda ake yin bangon ba, ta yaya zai ce ga abin da ya sa wannan ya fi wancan? Na roƙe ta, har na ji muryata ta canza. Ta ce ta ji tausayin tsohuwar, amma abin da ta gani kawai za ta rubuta. Ta rubuta layi kaɗan ta sa hannu. Na fito ina jin haushinta, kuma na san da ni ne a kujerarta haka zan yi.

Sauran zamana a can ba ni da abin faɗi a kai sosai. Ƙanƙarar da wanzamina ke tambaya ta zubo, na gan ta, na zame a kanta na zauna daɓas a gaban wasu mata masu jiran bas. Mun ci jarrabawa. Ranar da za mu taho Misis Alis ta rungume ni a bakin titi mutane na kallo, na rasa inda zan sa kaina.

Na sauka Kano cikin zafin bazara, na kwana ɗaya na wuce Dutsin-Ma. Malam Abdu ya karanta takardar sau biyu, ya ajiye ta a kan tebur ya danne da hannu.

"Ta yaba," ya ce. "Amma ba ta ce a bari ba."

"Ba ta ce ba, ranka ya daɗe."

"Ran Asabar leburori za su shiga Kurfi. Ka yi haƙuri, Malam Lawal."

Na hau keke tun da safe ran Juma'a. Na tarar da Goggo a ƙofar ɗaki tana gurzar auduga. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce ashe Turawa rowa gare su, dubi wuyana. Ta dama mini fura, ta tsare ni sai da na shanye. Sannan ta ce, "To, mi suka ce?"

Na fara da abin da ya fi sauƙin faɗi. Na ce mata kowane sili ɗaki ne, yana yi wa kansa yaɓe daga ciki kowace rana, kuma nata ya fi na kowa kaurin bango. Ta ɗauki sili ɗaya ta ɗaga shi a rana ta ƙura masa ido.

"Wa ke yaɓen?"

"Sun ce ba su sani ba tukuna, Goggo."

"Ikon Allah," ta ce. Ta ajiye silin a kan cinyarta a hankali.

Na tambaye ta ko ɗanya ta ɓare ta ba ni. Ta ce, "To da mi kake so in aika? Ta bara da hayaƙi ya dahe? A kai ma mutane a ce daga gidan Malam ta hito?" Na gaya mata abin da madubi ya nuna, da yadda gezar gwado ta gyara zancen. Ta dubi fuskata, na san ta riga ta karanta sauran.

"Laihina ne ke nan."

"Wallahi ba laifinki ba ne, Goggo. Ko wacce kika aika, amsar ɗaya ce."

"Yaushe za a zo?"

"Gobe."

"Ba ƙaton da zai shigo mani gida ya taka bayan ɗakina," in ji ta. "Gatari na nan zaure. Kai za ka yi, yau, bayan an sauko masallaci."

Na ce ba zan iya ba. Ta ce tun da na iya zuwa Kuki na gaya wa goggonnin mutane, ai zan iya. Ba da faɗa ta faɗe shi ba.

Bayan an sauko Juma'a na tuɓe riga na shiga. Akwai 'yan ƙwallayen da suka fashe a makare, ta bi gabana tana tsinkewa tana zubawa a ƙwarya, ba ta bar ko ɗaya ba. Saiwoyin sun yi zurfi fiye da yadda na zata, wata sai da na haƙa har gwiwa. Zufa na shiga mini ido, na gode Allah da zufar. Na ja itatuwan waje guda na tara a tsakiyar fili nesa da danga, na koma wajen rigata ina laluben ashana.

"Bari," ta ce.

Ta shiga madafa ta fito da garwashi a kan ɓallin tukunya, tana kare shi da tafin hannu kada iska ta kashe.

"Kada ka sa mata wutar kanti. Da wutar gida."

Na miƙa hannu biyu na karɓa. Na durƙusa na zuba garwashin a gindin tarin, na hura.